Ƙaurar Hajiya Lamba

Daren jiya mafarki ya yi awon gaba da ni, ya kai ni wani gari da ban taɓa jin sunansa ba, kuma tun da na farka nake ta murmushi ni kaɗai. Amma kafin in shiga labarin garin, gara in faɗi abin da na kwanta da shi a rai.

Gidanmu na gado aikin faɗaɗa titi ya biyo ta kansa. An ba mu wa'adi, mun sami wani gidan a bayan gari, har mai ɗakina Lantana ta cika falo da kwalaye. Ni duk wannan bai dame ni ba, bango ne, ana gina wani. Abin da ya tsaya mini a wuya wata baƙar wayar girke ce da ke kan tebur a kusurwar falo, wadda mahaifina Alhaji Tukur mai fata ya sa tun zamanin da duk unguwa a gidanmu ake amsa kira. Yanzu kowa da tasa a aljihu, layin namu ma yana cikin 'yan ƙalilan da suka rage suna numfashi a garin. Mutum ɗaya ce tak take bugo ta: Gwaggo Tasalla, ƙanwar mahaifina, wadda aure ya kai Kumasi tun kafin a haife ni. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ta ari wayar maƙwabta ta karanto musu lambar gidanmu da ka. Idonta ya yi rauni, kuma duk duniya wannan lambar kaɗai ta haddace. Mun yi mun yi ta riƙe ta wayar hannuna, ta ce, "Babana, kaina ya cika, ba wurin sabuwa." Babana take ce mini don sunan mahaifinta na ci. In aka yanke layin nan kafin a mayar da lambar cikin wayar hannuna, ranar Juma'a tsohuwar nan za ta bugo ta ji shiru, ta ɗauka ba ta da sauran kowa a gida. Da wannan na kwanta a tsakanin kwalaye.

Sai ga ni tsaye a bakin wani titi da rana tsaka. Titin ne yake tafiya, mutane suna bin sa don kada ya bar su. Hayaƙin murhu ƙasa yake yi ya koma cikin tukunya. Wani mutum ya wuce ni yana sauri, na tambaye shi lafiya, ya ce inuwarsa ce ta riga shi kasuwa, yana tsoron kada ta yi ciniki ba da saninsa ba. Na yi masa fatan alheri. A gefen hanya garken kujeru ne suke kiwo, manya da ƙanana, har da benci guda yana cin dusa. Ashe a garin, tun ranar da kujeru suka lura ƙafa huɗu gare su, suka fara amfani da ita, ba wanda ya sake zama. Ni kuwa da ma mai ƙafar yawo ne, sai na ji garin ya yi mini daidai.

Da na ɗaga kai sai na ga wayoyi shimfiɗe daga falwaya zuwa falwaya, kiraye-kiraye suna tafiya a kansu da ƙafa, kowanne da irin shigarsa. Kiran haihuwa ya wuce da gudu yana guɗa. Kiran da ya ɓata lamba yana tsaye yana tambayar tsuntsaye hanya. Ga 'yan filashin, tsirara, ba ko ɗan kamfai, su taɓa ƙofar mutum su ruga suna dariya. Can nesa kuma, inda sama ta haɗu da ƙasa, na hango wani kira yana tahowa a hankali, da zane na atamfa da ƙullin goro a ka, yana dogara sanda. Duk falwayar da ya iso sai ya tsaya ya gaisa da kurciyoyin da ke kai. Ba wanda ya gaya mini, na san kiran Gwaggo Tasalla ne, na kuma san yau Juma'a. Zuciyata ta yi fari don murna, sannan ta buga don tsoro.

Dalilin tsoron yana gabana. Katafila ce durƙushe a unguwarmu, wadda ban san yadda aka yi ta shigo garin ba, tana cin gidan maƙwabcinmu. A natse take ci, ta gutsuri katanga ta tauna da baki rufe, ta tofar da ƙusa a gefe. Na yi mata sannu da aiki.

Ta ce, "Yauwa, bismillah mana."

Na ce, "Alhamdu lillahi. Bayan wannan wanne ne?"

Ta nuna gidanmu da cokalinta. "Ba sauri nake ba," in ji ta, "amma ban ƙoshi ba."

Ofishin waya a cikin rijiya yake, sai dai hawa ake yi a shiga. Hankaki ne ma'aikata, don su ne aka haifa da farar riga a ƙirji, ba sai an ɗinka musu ba. Layin jama'a ya yi tsawo, amma da baya yake tafiya, wanda ya zo ƙarshe shi ake fara gani. Karo na farko ke nan a rayuwata da makara ta yi mini rana. Babban hankakan yana tsaye a kan tebur, tabaransa a ƙeya. Na rusuna na ce masa lambar wayar girke nake so ta riƙa samuna a wayar hannu.

Ya ce, "Aike ko ƙaura?"

"Ranka ya daɗe, mene ne bambancin?"

"Aike, lamba tana zaune a ɗakinta. Kira ya zo, ta nuna masa hanyar aljihunka. Ƙaura kuwa, ita da kanta za ta tattara nata ya nata ta koma aljihun."

"Wanne ya fi sauri?"

"Aike."

"A yi mini aike."

Ya buɗe wani kwando ya ciro ɗan ƙaramin kira na gwaji, ya hure masa ƙura, ya ɗora shi a kan waya. Muka leƙa ta bakin rijiyar muna kallo. Ɗan kiran ya ruga har tagar falonmu, wani hannu ya fito daga cikin baƙar wayar ya nuna masa gabas. Ya juyo a guje yana neman aljihuna. Ni kuwa kafin nan na gaji da tsayuwa wuri ɗaya, na zaga bayan ofis, na leƙa wani shago, na tsallaka titi don in ga abin da ake sayarwa a ɗaya gefen. Ɗan kiran ya zo inda nake bai same ni ba, ya bi inda na bi bai cim mini ba, daga ƙarshe haki ya ci ƙarfinsa ya faɗa butar wani mai shayi. Butar ta kama ƙara. Mai shayin ya ɗaga murfi ya kara kunne ya ce, "Wa alaikumus salam. Eh, akwai burodi." Ya tsiyaye kiran a kofi ya miƙa wa wani direba, direban ya shanye, ya tafi yana ƙara.

Na koma ofis na ce aike bai yi ba.

Hankakan ya ce, "Aike ya yi. Kai ne ba ka nan." Ya gyara tabaransa. "Kuma ko kana nan, in katafila ta cinye ɗakin, wa zai nuna hanya? Kai ƙaura ta kama ka."

"To a ɗauko ta mana."

Wata hankaka har ta dafe ƙirji. Babbansu ya ce, "Ana yi mana kirari da mai da ɗan wani naka, gaskiya ne, amma da lallami muke yi. Lamba ba akuya ba ce da za a ja ta da igiya. Dattijuwa ce. Je ka roƙe ta, in ta yarda mu namu buɗe ƙofa ne."

Ina cikin falonmu. Teburin kusurwa ya yi tsawon soro, baƙar wayar tana bisa kamar ɗakin kara. Na shiga ta ramin sifili na faifan da ake juya lamba. Ciki tsakar gida ce sharariya, an yayyafa ruwa, ga randa ga buta. Wata dattijuwa mai jiki tana zaune a kan tabarma da faifai a cinya, tana tsince tsakuwa daga cikin tsofaffin gaishe-gaishe. Ban taɓa ganin fuskarta ba, amma na san ta kamar yunwar cikina. Murɗaɗɗiyar igiyar wayar nan tana ɗaure a idon sawunta, ɗaya bakin yana jikin bango.

Na ce, "Hajiya sannu, wata 'yar magana ce ta kawo ni, ina sauri ne."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Fita ka sake shigowa."

Na fita ta ramin sifili na sake shigowa da sallama. Ta amsa. Ta tambaye ni kwana, ta tambaye ni gajiya, ta tambayi Lantana da yara, da aiki, da zafi, da ƙurjin da ya fito mini a ƙeya ina ɗan makarantar firamare. Na ce ya warke. Ta ce madalla, don ita ce ta kai labarinsa Kumasi, kuma ba wanda ya dawo ya gaya mata ƙarshensa.

Bayanta jeren kwalla ne har rufi. Ta ga ina kallo, ta ce kayan ɗakinta ne. Wannan barka ce ta haihuwa, waccan ta dawowar alhazai, ta can ƙasa mai nauyin nan ta'aziyya ce, ba a buɗe ta sai da dalili. Akwai wata cike da "a kira mini wance, ta yi sauri," ta zamanin da ake aikawa maƙwabta su zo su amsa waya. Sannan ta zaro wata 'yar kwalba daga ƙarƙashin tabarma ta ce in buɗe. Ina cire murfin sai na ji gyaran muryar mahaifina, irin wanda yake yi kafin ya ɗauki waya, sannan sallamarsa mai kauri ta biyo baya. Shekaru ke nan ban ji muryar nan ba. Na yi dariya hawaye na zuba, na rufe na sake buɗewa, na rufe na sake buɗewa, har sai da ta ce in bari kada ta huce.

Da na nutsu na faɗi abin da ke tafe da ni. Na ce katafila na bakin ƙofa, kiran Gwaggo na kan hanya, ina roƙon ta daure ta koma wayar hannuna. Na zaro wayar na miƙa mata da hannu biyu. Ta karɓa ta juya ta, ta kanne ido ɗaya ta leƙa ta ramin caji.

"Wannan gida ne ko tashar mota?"

Na leƙa ni ma. Gaskiyarta. Lambobi ne jibge, wasu kwance a kan wasu, ba mai gaida wani. Ga Mai Gyaran Famfo, ga Mai Gyaran Famfo Na Gaskiya, ga wani zaune shi kaɗai a lungu an sa masa suna Kar Ka Ɗauka, yana ta kallon ƙasa.

Ta ce, "Wancan bawan Allah me ya yi?"

Na ce, "Hajiya, dogon zance ne."

"Zan ji daga bakinsa." Ta ajiye wayar a kan faifai. "Cunkoso bai dame ni ba, na zauna da unguwa guda a ɗakin nan. Ba zaure, ba tabarma, duk zan iya haƙuri. Abu ɗaya ne babu a gidan naka." Ta ɗaga ƙafarta, igiyar ta yi lilo. "Ka san aikin wannan?"

"Ita ta ɗaure ki, Hajiya."

Ta yi dariya har kwallaye suka amsa. "Haka kowa yake zato. Ku ta ɗaure, ɗan nan. Igiyar nan ba ta kai ƙofa ba, saboda haka duk wanda ya ɗauki kira a gidan nan dole ya nemi wuri ya zauna. Ubanka da duk harkokinsa, ga fata a rana ga hadari ya haɗo, in ƙanwarsa ta bugo zama yake yi. Kai ma da ƙafarka mai ƙaiƙayi, ranar Juma'a zama kake yi, don ba yadda ka iya. Kana tsammanin Tasalla wani labari take nema a wurinku? Labarin me gare ku? So take ta ji wani ya zauna dominta."



"Ina jin yadda kuke amsa kira a wannan abar," ta ci gaba. "Ina kan babur. Ina cikin mutane. Bari in kira ki anjima. Ni ba zan tarbi baƙuwar da ta taho tun daga Kumasi a kan waya, da sandarta, in ce mata mai gidan yana kan babur ba. Gara katafila ta haɗa da ni."

Na ce, "Hajiya, faɗi sharaɗinki."

"Duk inda kiran Tasalla ya same ka, ka zauna. Ko ina ne."

"Na yi alkawari."

Ta dube ni sama da ƙasa. "A tsaye ka yi shi."

Na yunƙura zan zauna a gefen tabarmarta, tabarmar ta ja jiki ta matsa. Na bi ta, ta sake matsawa. Muna cikin haka aka yi sallama daga waje da murya mai ladabi. Katafila ce, ta gama da zaure, tana tambaya ko akwai mutane a ciki, don ba ta son ta shigo wa mata ba izini.

Hajiya Lamba ta kwance igiyar da hannunta, ta naɗe ta, ta rataye a ƙusa. Ta ce ba a tashi daga unguwa ba sallama. Ta yi wa bango sallama, ta yi wa tsakar da ke bayan agogo, ta roƙi gafarar teburin da ya ɗauke ta shekara da shekaru, teburin ya ce ba komai, shi ma ya yafe, ya kama hanyar kiwo. Muna fitowa sai ga unguwa gaba ɗaya, har da waɗanda suka tashi tuntuni, duk wanda aka taɓa kira ya amsa waya a gidanmu ya zo rakiya. Kowa ya ɗauki kwalla guda a ka. Mata suka kaure da guɗa, wani ya samo kalangu, kwallar barka ta tuntsure a hanya, barka ta watsu ko'ina, mutane suna tsinta suna yi wa juna ba gaira ba dalili. Wani tsoho ya rungume ni ya ce barka, na ce da me, ya ce oho, a ƙasa ya tsinta.

Hankaki suka sauko suka buɗe ramin caji. Aka zura kwallaye ɗaya bayan ɗaya. Hajiya ta ninke kanta kamar zanen da za a sa a akwati, ta sake ninkewa, ta shige. Na ji tana cewa a ciki, "Ku matsa, ku tashi ku gaishe ni." Sai dai ta bar ƙafa ɗaya a waje, tana reto daga gindin wayar.

Na ce, "Hajiya, saura ƙafa."

"Na sani. In ka zauna in shigo da ita. In ba ka zauna ba in bi ta in fita, kiran ya faɗi ƙasa ya fashe."

Ina tsakiyar babban shataletalen garin. Ban san lokacin da na zo ba, ƙafafuna ne suka kawo ni, kuma ba su da niyyar tsayawa. Motoci, babura, amalanke, kowa yana zagayawa yana huci. Na waiga wajen unguwarmu na ga katafila ta gama da gidan, tana zuƙe wayar da ta shiga falonmu kamar taliya. Ta tsinke ta daidai falwaya ta ƙarshe, ta goge baki.

A kan wannan falwayar kiran Gwaggo ya iso. Ya gaida kurciyoyi. Ya gyara ƙullin goronsa. Ya miƙa sanda gaba yana laluben waya, sandar ta sami iska. Ya tsaya, ya karkata kai yana duban inda gida yake a da, ya ɗaga ƙafa ɗaya zai taka inda babu komai. Wayar da ke aljihuna ta fara rawar jiki.

Na ce wa ƙafafuna, "Ku tsaya."

Ta hagu ta ce, "Mun makara."

"Ina za mu?"

Ta dama ta ce, "Ba mu sani ba, amma mun makara."

Na hango benci a gefen titi na yi kansa, ya yi haniniya ya zura da gudu. Na kai wa wata kujerar roba cafka, ta zille ta shige tsakanin motoci. Wani turmi da na yi niyyar kifewa ya gangara ya bar ni. Har wata 'yar kujerar tsugunno na lallaɓa ina kiranta da daɗin baki, ta ruga ta ɓuya a ƙarƙashin kaza. Duk wannan ina yi ina tafiya, don ko da na kama kujerar ban san yadda zan yi da ƙafafun ba. Wayar tana ta rawa, ƙafar Hajiya ta ƙara fitowa har gwiwa. Can sama kiran Gwaggo ya fara tangaɗi, goro ɗaya ya suɓuce daga ƙullin ya faɗo.

Tsoro ya kama ni sosai, irin wanda ban taɓa ji ba ko a farke. Na ɗaga kai na buɗe baki zan ce mata Gwaggo dakata, sai kunya ta rufe ni. Ga ƙanwar ubana a gabana, ni kuma ina shirin yi mata magana da takalmi a ƙafa. A gidanmu ba a yi mana wannan tarbiyyar ba. Ko ɗakinta za ka shiga, a bakin ƙofa kake barin su, balle gaisuwa. Na sunkuya ina tafe ina tsalle, na fizge na hagu, na fizge na dama.

Takalman suka ci gaba da tafiya abinsu. Ko waiwaye ba su yi ba, suka tsallaka titi suka sha kwana suna ta sauri. Ashe duk shekarun nan su ne masu makarar. Ƙafafuna suka tsaya tsirara a kan kwalta suna kallon juna. Na durƙusa, sannan na saki jiki na zauna daɓas a tsakiyar shataletale, na tanƙwashe ƙafa.

Titin ya ji nauyin da bai saba ji ba, ya yi ajiyar zuciya, ya tsaya. Motoci suka gurfana kamar raƙuma. Wani mai babur ya dube ni, ya dubi ƙafarsa, ya cire silifas, ya zauna a ƙasa yana dariya. Na kusa da shi ya bi, sai mai lemo, sai direban da ya sha kira, har yanzu yana ƙara kaɗan-kaɗan. Takalman gari gaba ɗaya suka haɗu suka yi hanyar kasuwa su kaɗai. Kujeru suka leƙo daga lunguna, suka ga ba mai bin su, kishi ya kama su, suka dawo suna sunkuyar da kai, kowace ta sami mutum ta cusa kanta a ƙarƙashinsa. 'Yar kujerar tsugunnon nan ta zo tana gogar gwiwata, na ce ta bari, na riga na sami wuri. Katafila ma ta zauna, ta yi hamdala.

Hajiya Lamba ta janye ƙafarta ciki. Kiran Gwaggo ya taka iska, iskar ta riƙe shi, ya sauko a hankali mataki-mataki yana dogara sanda, har ya iso tafin hannuna ya shige. Na danna, na kara a kunne.

"Salamu alaikum. Babana ne?"

"Wa alaikumus salam, Gwaggo, ni ne. Ina wuni?"

"Lafiya lau. Ina gajiya?"

Kafin in amsa, garin gaba ɗaya ya ce, "Ba gajiya!"

Ta ce, "A'a, baƙi kuka yi?"

Na ce, "Maƙwabta ne, Gwaggo."

Ta ce a gaishe su, suka ce suna amsawa. Ta tambayi Lantana, ta tambayi yara da sunayensu, ta haɗa da waɗanda ba a haifa ba tukuna, na ce duk suna lafiya. Ta tambayi ruwa, ta tambayi kasuwa, ta tambayi bishiyar dalbejiyar ƙofar gida. Daga nan muryarta ta yi ƙasa.

"Babana, an ce mini za a rushe gidan Yaya."

Ban iya yi mata ƙarya ba. "An rushe, Gwaggo."

Ina jin kukan wani jariri a can Kumasi. Duk shataletalen ba mai motsi.

"To yanzu ina ke nan na bugo?"

"Wurinmu, Gwaggo. Lambar ce ta biyo ni."

"Kana zaune?"

"Ina zaune."

"Na ji a muryarka," in ji ta. "To ai ba a rushe komai ba. Gyara zama in ba ka labarin gwiwata, tun daga farko."

Na gyara zama. Gari ya gyara zama. Ta fara tun daga ranar da ta zame a bakin rijiya, shekarar da aka yi fara, kuma wallahi ban taɓa jin labari mai daɗin wannan ba. Ta kawo daidai inda mai ɗori na biyu ya ce na farko bai iya ba, sai wani abu ya fara tari a kusa da ni, kof, kof, kof. Na ɗaga hannu a yi shiru, tarin ya ƙaru.

Famfon tsakar gidanmu ne. Haka yake yi in ruwa zai zo bayan ya kwana biyu babu. Na buɗe ido gari ya waye, Lantana tana ƙwala kira daga waje, "Baban Nafi, ruwa ya zo, miƙo bokitai!" Da ta ji shiru ta leƙo, ta same ni zaune a ƙasa tsakanin kwalaye, na tanƙwashe ƙafa, tafin hannuna a kunne.

Ta ce, "Lafiya? Kai da ko shayi a tsaye kake sha?"

Na ce, "Yau wace rana?"

"Juma'a mana."

Na miƙe na ɗauki bokitai. Na ce mata da an buɗe ofishin waya ni ne na farko a ƙofa, kan maganar lambar nan. Amma in an sauko daga masallaci, ko wane ne ya zo nemana, ta ce masa ya dawo gobe.

"In ce ina ka tafi?"

"Ki ce ina nan. Zama gare ni."